Ranar da Na Saki Muryar Inna a Lasifika

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ɗan shagon gyaran waya a Anka, mai rawar kai, ina ganin babu matsalar da waya da lasifika ba za su magance ba. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum, wajen Zugu. Rashin zaman lafiya ya taso mu bayan rasuwar mahaifinmu, muka kama ɗakuna biyu a gari, ni da Inna da ƙannena. Ina roƙon a sakaya sunana, domin a kan sunan nan ne komai ya lalace.

Ni ne ɗan fari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. A ɗakin kakata na tashi. Idan Inna na son in yi wani abu sai ta ce wa ƙanwata ta gaya wa "wancan", alhali ina tsaye a gabanta. Abokaina 'yan fari sun ɗauki abin ba komai ba, har raha suke yi da shi, amma ni yana cina a rai tun ina ƙarami. Sai in ji ta kira autanmu sau goma a wuni, har da kirari, in ji kamar ni baƙo ne da ya kwana biyu a gidan.

Ni da wasu abokai muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Na gaji da irin wasan da jama'a ke zuba ido kawai su tafa su watse, sai na ƙirƙiro wani abu da muka kira Rumbu. Muka haɗa ɗan ɗaki da kara da zana, muka ɗora masa jinka kamar rumbun hatsi, na rataye makirufo a ciki. Duk mai so daga cikin 'yan kallo sai ya tuɓe takalmi ya shiga ta baya inda aka kare da labule, ya faɗi abin da ke damunsa. Maganar za ta bi ta kwamfutata, manhaja ta sauya ta, sai ta fito a lasifika kamar muryar wani ƙaton basamude ko ta ɗan tsako, babu mai gane namiji ne ko mace. 'Yan wasanmu su kwaikwayi labarin nan take, sannan a tambayi jama'a yadda suke so ya ƙare, a yi ta gardama har a daidaita.

A Gummi muka fara, a filin wata makaranta bayan la'asar, maza gefe mata gefe. Wallahi ban zaci mutane na ɗauke da kaya haka ba. Wani ya ce kullum yana mafarkin gonarsa da ya baro. Wata ta ce ita ce ta ɓoye wa mijinta cewa an kashe ƙaninsa har aka yi kwanaki. Aka yi kuka, aka yi dariya, dattawa suka sa mana albarka. Kaina ya ƙara girma. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ni da ke zaune da abin sauraro a kunne, ainihin muryar mutum nake ji kafin ta sauya. Muna shela cewa babu mahalukin da zai gane ka, ina jin ana faɗi ina yin shiru.

Da muka kawo Rumbu Anka, ban yi tsammanin Inna za ta zo ba, don ko tambayar abin da nake yi ba ta taɓa yi ba. Ashe maƙwabta sun ja ta. Wasa ya yi nisa sai na ji an shiga, an yi wani ɗan tari da na sani tun ina goye. Jama'a suna jin muryar basamude, ni kuwa ina jin Inna kamar a kunnena take raɗa. Ta ce tana da ɗa, na farko, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ce lokacin da ya yi ƙyanda a ɗakin kakarsa wuni ta yi a bayan zana tana sauraron numfashinsa, ba ta iya shiga ba saboda surukai. Ta ce ranar da suka baro ƙauye shi ya goya ƙanensa har suka iso titi, ta so ta sa masa albarka bakinta ya yi nauyi. Yanzu kuma duk ya hau babur ya nufi Gummi ba ta iya cin abinci, tana tsoron a tare shi a hanya bai taɓa ji daga bakinta ba. Sai ta ce tunda an ce babu mai gane ta, bari ta kira shi sau ɗaya.

Sunana gama-gari ne, masu irinsa a filin nan suna da yawa, da ta faɗa a muryar basamude da babu wanda zai ɗago ta. Amma wani abu ya taso mini. Na so duk garin su ji cewa ni ma ina da uwa, ni ma ana sona. Ba kuskuren hannu ba ne, kuma ba waya ce ta tsinke ba. Da gangan na sa yatsa na kashe abin sauya muryar. Muryar Inna ta fito fes a manyan lasifikoki biyu, tana kiran sunana a hankali, tana rawa, har da laƙabin da kakata ke kirana da shi.

Sai wata mata ta ce la, ai uwar mai gyaran waya ce, wasu samari suka sa shewa, 'yan wasanmu suka tsaya cirko-cirko. Inna ta fito ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ratsa mata ta wuce da sauri, ko takalminta ba ta tsaya ɗauka ba. Ni na kwaso su daga ƙofar Rumbun bayan an watse.

Kafin gari ya waye maganar ta zaga, domin wasu sun naɗa a wayoyinsu. Tsofaffi suka ce ta zubar da kunya da girmanta, sa'o'inta kuma suka mai da ta abin tsokana, ta shiga gidan biki sai a kwaikwayi muryarta. Matar da ta yi shekaru ana misali da kawaicinta ta daina fita ko ɗibar ruwa. Magana ɗaya ta aiko ƙanwata ta tambaye ni, wai injin ne ya lalace ko kuwa ni ne. Na ce injin ne. Ƙanwata ta dawo ta ce Inna ta ce to. Ba a yi wata guda ba ta tattara kayanta ta koma wurin yayanta a Nasarawa Burkullu, ta zaɓi zaman fargabar can a kan idon mutanen Anka.

Rumbu ma daga ranar ya mutu. Jama'a suka gane ashe akwai mai jin su, kuma yana iya sakin muryarsu in ya ga dama. A ƙasar da kowa ke tsoron mai kai wa 'yan bindiga rahoto, wannan ba ƙaramin tabo ba ne. Waɗanda suka taɓa shiga suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. Abokan wasa suka janye ɗaya bayan ɗaya, masu kawo gyara suka ragu, don wa zai miƙa wayarsa ga irina? Na kan wuni a shago babu wanda ya yi mini sallama sai mai tambayar hanya. Karan Rumbun kuwa maƙwabta suka ƙarar da shi a murhu.

Abin da ya fi karya ni ƙarami ne. Tun da na buɗe shagon, kullum da hantsi nakan tarar da ƙwaryar fura a rufe da faifai a gefen ƙofa, da nono mai kauri yadda nake so. Na ɗauka aikin ƙanwata ne, ko godiya ban taɓa yi ba. Da Inna ta tafi furar ta tsaya. Na tambayi ƙanwata, ta dube ni ta ce ashe ban sani ba, ita ɗauka kawai take yi, Inna ce ke damawa, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ludayin. Shekara da shekaru tana yi mini magana ta hanyar da ta iya, ni kuwa na nace sai ta lasifika.

Daga baya na je na faɗa wa kawu, yayan nata, gaskiya, na roƙe shi ya isar. Ya dawo ya ce ta ce ta yafe, dama ta sani. Ina zuwa gaishe ta in hanya ta yi sauƙi. Nakan durƙusa a ƙofar ɗaki, ta amsa daga bayan labule, gajeriyar amsa, ta tambayi lafiyar ƙannena ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan. Muryar tata ta ranar tana nan a kwamfutata. Ban goge ba, ban kuma taɓa iya saurare ba.

'Yan'uwana masu sha'awar irin wannan fasaha, ban ce ku bari ba, na ga amfaninta da idona a Gummi. Amma in kun ce wa mutum babu mai jin sa, to ya zama gaskiya, kuma ku fara tsare shi daga kanku, domin hannun da ke kan maɓalli ma yana da tasa yunwar. Ku kuma 'yan fari irina, kafin ku yanke cewa ba a son ku, ku duba abin da ake ajiye muku a bakin ƙofa. Ni na samu abin da na nema, na ji sunana a bakin uwata sau ɗaya. Har yau duk hantsi sai na leƙa gefen ƙofar shagon nan, ko da na san babu komai a wurin.