Sakwarar Paiko da Keken Gaiya

Idan ka ga wani dattijo siriri a kan keke da sassafe a titin Minna, da hular kwano da ɗan wando matsattse kamar na ɗan dambe, to Gaiya mai walda ne. Mutane suna nuna shi suna cewa, "Kai, wannan tsoho Allah ya ba shi lafiya!" Ni kuwa in na ji haka raina ɓaci yake yi, ba zan ɓoye ba. Su wa suka san Gaiya? Ni na san shi tun yana da tumbin da sai ya zauna kafin ya ɗaure takalmi. Sunana Ndatsu, tela ne ni a unguwar Sauka Kahuta, bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa.

Daga wani ƙauye kusa da Kafanchan ya zo Minna yana saurayi, aikin reluwe ya kawo shi, a can ya koyi walda. Da jirgi ya fara yin wuyar gani sai ya haɗa kayan aikinsa ya buɗe shago, yana ƙera ƙofofi da tagogi da gadon ƙarfe. Rabin ƙofofin unguwarmu hannunsa ne. Ni na ɗinka masa kwat ɗin da ya auri Elizabet da ita, ni na fara ɗaukar 'yarsu Shekinah bayan ungozoma. Ni Banufe Musulmi, shi Kirista, amma ragon layyata shi yake riƙe wa ƙafa, shinkafar Kirsimetinsa kuwa gidana take fara shiga. Ranar Asabar tamu ce mu biyu. Mu rufe shago da hantsi, mu ci sakwara da miyar agushi har mu kasa numfashi, mu baje allon draf a gindin mangwaro, ina cinye shi yana rantsuwa na yi maguɗi. Shekara kusan talatin muna haka.

A shekarar 2009 ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago da ƙarfe a hannu. Ni na tuƙa akori-kurarsa na kai shi asibiti, ina tuƙi ina salati. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ko ya rage ƙiba ko a fara neman katakon akwati. Gaiya ya tsorata ƙwarai. Bai yi wata ɗaya da sallama ba ya sayo wani tsohon keke ɗan gwanjo, ya gyara shi da hannunsa, ya fara zagaya unguwa kafin rana ta fito.

To ka san Minna. Magidanci mai mota ya koma kan keke, ai karayar arziki ce kawai. Masu mota suka riƙa tsayawa suna yi masa jaje: "Baban Shekinah, ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya mayar da alheri." Matan cocinsu har gida suka je lallashin Elizabet. Ni na fi kowa dariya. Na ce masa, "Mutumina, ni ma keke nake takawa tun ina yaro, ga shi nan na ɗinki, ko Chanchaga da ke nan kusa bai taɓa kai ni ba." Ya yi dariya, na yi dariya. Na ɗauka zafin ciwo ne, zai huce ya dawo gindin mangwaro.

Sai ga Charles.

Charles mai kantin magani ne a Bosso, dogo, ba tsoka ko ta miya, Hausarsa ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. A hanya suka haɗu da Gaiya, ya ja shi cikin wasu mutane masu tafiyar keke: wani malamin makaranta, wani tsohon soja, da 'yan ma'aikatan gwamnati. Duk Asabar sai su ɗauki hanya mai nisa. Na tambayi Gaiya me ake ba wanda ya zo na ɗaya. Ya ce ba tsere ba ne, babu na ɗaya babu na ƙarshe, sharaɗin ɗaya ne tak: ka kai da ƙafarka, wanda ya shiga mota bai kai ba. Na ce ikon Allah! Manya da furfura su ƙona kansu a rana, ba kofi, ba ko sabulu.

Amma Asabar ta tafi ke nan. Ni kaɗai a gindin mangwaro da allon draf, ina kore ƙuda. In ya dawo kuma ba shi da zance sai Charles. Charles ya ce a rage gishiri. Charles ya ce sakwara sai jefi-jefi. Ya ba ni labarin yadda suke jeruwa a hanya, na gaba yana tare wa na baya iska, wai Charles ne yake tare masa. Iska! Ni da na shekara talatin ina tare masa surukai da masu karɓar haraji, har fushin Elizabet, ban taɓa jin ya ba wani labarina da irin wannan murna ba.

Abin da ya fi ci mini rai, a hannuna ake ganin komai. Duk 'yan watanni sai ya kawo wanduna a rage masa ƙugu. In zagaya shi da tef, in ga ya sake zabgewa, fuskarsa ta yi sheƙi, wuyansa ya fito. Da can ni ne siririn, ni ake ce wa ban tsufa ba. Yanzu in muka jera a wajen biki sai a gaishe ni da "Baba", shi a ce masa "Oga". Ina rage wandunan ina tsaki, allura har sau biyu ta soke ni.

A shekarar 2011 suka shirya babbar tafiya, daga Minna har Suleja a yini ɗaya. Gaiya bai taɓa yin mai nisa haka ba. Wata da watanni yana shiri, yana tashi da asuba, ya bar nama mai kitse, Elizabet ta ce ko a mafarki ƙafarsa juyawa take yi. Ana saura mako ya shigo shagona ya zauna a kan benci.

"Tela," in ji shi, haka yake kirana, "muna buƙatar mota ta biyo mu a baya da ruwa da kayan gyara. Na ce musu ba wanda zai tuƙa motata sai kai. Ina so ka ga na kai."

Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma da na je ana loda kaya, sai ga Charles yana nuna mini abin da za su ci a hanya: ayaba, dabino, da ruwan da aka sa wa ɗan gishiri da sukari. Yana magana yana dafa kafaɗar Gaiya, yana gaya mini, ni, abin da cikin Gaiya yake so da abin da ba ya so. A raina na ce, yaro, da tsohuwar zuma ake magani. Abincin birai za ka ba mutumin da na san cikinsa tun kana makarantar firamare?

Hanyar Suleja ta Paiko take bi, kuma a Paiko ƙanwata Bintu take aure, gidansu a bakin titi. Mijinta Yisa manomin doya ne na gaske. Na kira ta na ce Yayanki Gaiya zai wuce ranar Asabar da baƙi, kada ki ba ni kunya. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar tafiya suka tashi da sanyin safiya, ina biye a hankali kamar mai rakiyar amarya. Gaiya yana tsakiyar layi, yana taka keke tsaf, Charles a gabansa. Da muka doshi Paiko sai na wuce su, na tsaya a ƙofar gidan Bintu, na fito ina ɗaga hannu. Yisa ya sha babbar riga, an shimfiɗa tabarmi a inuwa. Ga sakwara mulmul a manyan kwanuka tana tururi, ga miyar agushi da zabin da aka yanka domin Gaiya. Ƙamshin kaɗai ya isa ya sauko da mutum daga kan keke.

Charles ya sauke ƙafa ɗaya, ya dubi kwanukan, ya dube ni.

"Oga tela, ba za mu iya ci ba. Sakwara yana da nauyi, hanya yana da nisa, rana yana zuwa."

Bintu ba ta ko kalle shi ba. Ta durƙusa a gaban Gaiya ta ce, "Yaya Gaiya, sannu da hanya. Tun asuba nake daka. Shekara biyu ba ka tako gidan nan ba, har na ce ko mun yi maka laifi ne."

Gaiya ya dubi Charles, ya dubi Bintu, ya dube ni. Na san abin da ke zuciyarsa. A wajenmu mace ba za ta daka maka sakwara da hannunta, mijinta ya yanka maka zabo, ka ce kana sauri ba. Wannan ba ƙin abinci ba ne, yanke zumunci ne, kuma Gaiya ya san haka kamar yadda ya san sunansa. Duk da haka na ga yana jinkiri, hannunsa bai saki keken ba. Nan zuciyata ta tafasa.

"Bar shi, Bintu," na ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Ya yi sababbin dangi. Kwashe ki zuba wa kaji."

Sai ya jingine keken, ya cire hular kwano, ya wanke hannu. Ya so ya ɗan taɓa ya tashi, amma ina! Wanda ya yi loma biyu ya janye hannu ai cewa ya yi miyar ba ta yi ba. Yisa yana tura masa cinyar zabo, Bintu tana ƙara miya, ni ina gefensa muna ci kwano ɗaya kamar da. Sauran suka sha ruwa, suka ɗauki tsoka ɗai-ɗai don kunya, suka koma gefe suna jira. Charles yana tsaye a rana yana duba agogo. Wallahi daɗi na ji, irin wanda na daɗe ban ji ba.

Da suka koma hanya rana ta riga ta buɗe. Bayan Paiko akwai hawa da gangara, a nan Gaiya ya fara zamewa baya. Layin ya yi gaba, shi yana lilo a kan keke, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Charles ya rage gudu ya dawo gefensa, ya ɗora tafin hannu a gadon bayansa, yana taka nasa keken yana tura shi a kan hawa. Ina bayansu ina kallon hannun nan ta gilashi, kamar a ƙirjina aka ɗora garwashi.

Bai yi nisa ba ya tsaya ya yi amai a bakin hanya. Ya kurkure baki ya sake hawa. Can gaba ƙafarsa ta riƙe, ya sauka ya miƙe ta, ya sake hawa. Mutumin nan da taurin kai! Kafin garin Lambata ya sauka karo na uku, ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. Charles ya riƙe wuyan hannunsa na ɗan lokaci, ya ce da hawan jini ba a wasa, ya isa haka. Shi da kansa ya ɗora keken Gaiya a bayan mota. Ya hau nasa ya bi sauran.

To ga Gaiya a gefena. Ranar Asabar, mu biyu, ba Charles. Na kunna mota muka bi su a baya. Na ce masa ai ba komai, gobe ma rana ce. Na ce Suleja ba gudu za ta yi ba. Na kawo zancen draf, na tuna masa ranar da ya kifar da allo don haushi. Hular kwanon tana kan cinyarsa, idonsa yana kan bayan mutanen nan da ke hawa suna gangarawa a gabanmu. Mun yi tafiya mai tsawo a haka, sannan ya yi magana, a hankali, bai ko juyo ba.

"Na ci, Ndatsu. Kai ka ƙoshi?"

Tun da muke bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Ni dai har gobe ban ga laifina ba. Abinci na ba shi, ba guba ba, kuma ba ni na buɗe masa baki ba. Bai yi fushi irin na faɗa ba. Yana gaishe ni kullum, yana kawo wanduna, Elizabet tana aiko da shinkafa. Ya koma shirinsa daga farko, da shekara ta zagayo aka ce ya yi tafiyar da ta fi ta Suleja, ya kai da ƙafarsa. A bakin mutane na ji, don wani ne ya tuƙa motar.

Rannan tsohon sojan nan na cikinsu ya kawo mini ɗinki. Ina auna shi na ce, kamar ban damu ba, na ga kwana biyu ba sa bin hanyar Paiko. Ya yi dariya, shi bai san ya taɓo inda ke yi mini ciwo ba. Ya ce ai yanzu ta Beji suke fita su nufi Zungeru, Gaiya ne ya roƙa a sauya. Wai da aka tambaye shi dalili sai ya ce a can abokinsa tela ba shi da dangi.

Da ya tafi na ajiye tef, na zauna na bi dangina ɗaya bayan ɗaya, na uwa da na uba, har da na aure. Gaskiyarsa ce. Daga Beji har Zungeru ba ni da kowa.