Tamaki da Uwar Jirgi

Ina da shekara shida na fara jin sunan Tamaki, kuma a bakin faɗa na ji shi. Ranar na ƙi saka takalmin makaranta, na dage sai na ruwan sama, alhali rana ta fito fes. Da mahaifiyata ta gaji sai ta dubi babana ta ce, "Ga jininku nan. Tamaki sak!" Na tambaya wace ce haka. Babana ya ce, "Gwaggonki ta ƙauye mana, mai aiko mana da wakame, ganyen tekun nan da muke sa wa a miya." Ashe tana da suna bayan Gwaggo. Tun daga nan na shiga tsintar labarinta, wani a bakinta, wani a bakin waɗanda aka yi a gabansu.

Gidan su Tamaki yana wani lungun teku a arewacin garin Miyako. Gidaje arba'in ne da 'yan kai, kowa da igiyoyinsa a ruwa inda ganyen wakame yake tsiro. Mahaifinta Genzo 'ya'ya biyu gare shi, babana Masaru da ita. Masaru ne ya kamata ya gaji jirgi, amma teku ta ƙi shi. Bai taɓa wuce bakin duwatsu bai amayar da abin da ya ci ba. Yana gama sakandare ya tattara ya tafi birnin Sendai aikin ofis. Genzo ya ci gaba da yin aikin mutum biyu shi kaɗai, har kafaɗarsa ta dama ta fara ƙin ɗaguwa. A hunturun da Tamaki take ajin ƙarshe, yana cikin shan miya ya ce girbin bana ne na ƙarshe, zai mayar wa ƙungiyar masunta igiyoyinsa. Ya faɗa kamar mai cewa a miƙo gishiri.

Ita kuwa makaranta ta riga ta samar mata aiki a wata masana'antar haɗa rediyo a Sendai, har da gado a gidan kwanan ma'aikata. Za a yaye su ɗaya ga Maris, ta kama aiki ɗaya ga Afrilu. Wata guda ke nan a tsakani, hutun bazara na ƙarshe, wanda ya faɗo daidai kan girbi.

A watan Fabrairu malamin ajinsu, Malam Oikawa, ya raba takardar da kowa zai rubuta shirinsa na hutu. Wasu suka rubuta yawon buɗe ido a Tokyo, wasu koyon tuƙin mota. Da aka tashi ya tsayar da ita.

"Hakoishi, zo nan. Mene ne wannan?"

"Shirin hutuna ne, Malam."

"'Zan shiga jirgi in yanki wakame.' Kina nufin za ki taya matan ƙauye aiki a rumfar gyaran ganye."

"Da rumfa nake nufi ai da rumfa na rubuta."

"Babanki ya sani?"

"Takardar ba ta da gurbin babana, Malam. Suna ne da shiri kawai."

Malam Oikawa ya cire tabarau ya murza ido. "Kin dai san 'yan masana'anta suna jiranki ɗaya ga Afrilu. Sau uku ina zuwa ina sunkuya musu kafin su karɓe ki."

"Hutu kuka tambaya, Malam. Ba ku tambayi bayan hutu ba."

Washegarin yaye, gari bai gama wayewa ba, Tamaki ta isa bakin ruwa cikin takalmin roban da wanta ya bari, ta cusa tsumma a bakinsa don ya zauna mata. Genzo yana kwance igiya. Bai ko ɗago ba.

"Ina zuwa?"

"Aiki, Baba."

"Aikinki yana can," ya nuna rumfa da haɓa. "Mace ba ta taka jirgin nan."

Ba ta nemi dalili ba, don ta san shi tun tana goyo. Kowane jirgi yana da funadama, uwar jirgi, wadda masassaƙi yake rufewa a wani ɗan rami a gindin itacen tsakiya ranar da aka gama sassaƙa. Ita ke tsaron jirgi. Kuma an ce ba ta son ta ga mace a kanta, in ta gani sai ta yi fushi ta fice, ta bar jirgi ba mai tsaro. Waɗansu ƙauyukan sun daɗe da daina kulawa, mata da miji suke fita tare. A lungunsu kuwa ba a taɓa ba.

Ta koma rumfa. Can ake tafasa ganyen a cikin manyan tukwane har ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma kore shar, a sanyaya, a cuɗe da gishiri, sannan mata su zauna su yi ta zare jijiyar tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Washegari ta sake zuwa bakin ruwa, aka sake koro ta. Haka rana ta uku, haka ta huɗu. Abin ya zama abin kallo. Wani tsoho maƙwabcinsu, Yasuji, wanda bakinsa ba ya hutu, da ya hango ta sai ya ɗaga murya: "Genzo, ga matuƙinka ya iso! Yau ma a ƙasa zai tuƙa?"

Matan rumfa ma ba su bar ta ba. "Ke 'yar nan, wa ya ce miki daɗi ake sha a can? Sanyi ne da ciwon baya. An ba ki aiki a ɗaki mai ɗumi, da albashi, kina neman wahala da kuɗinki."

"Ni dai a bar ni in sha sanyin da bakina, Inna, sai in ba ku labari."

Tana mayar da magana tana dariya, amma cikinta ba dariya. Kullum tana ganin jirgin ubanta shi ne ƙarshen dawowa, kuma da rabin kaya. Tana ganin yadda yake tallafe hannun dama da na hagu in zai ɗaga kwando. Kwana tara suka tafi a haka. Masana'anta ta aiko da takarda mai ɗauke da lambar gadonta da jerin kayan da za ta zo da su.

Rana ta goma suna zaune a rumfa ita da kakarta Tome, uwar Genzo, sauran mata sun tafi cin abinci. Tamaki ta kai hannu ƙeya za ta gyara ɗankwali, sai ta tsaya, hannun yana can.

"Kaka, shekara nawa ke nan da sassaƙa jirgin Baba?"

"Goma sha ɗaya. Me ya faru?"

"Ina da bakwai ke nan. A shekarar ne kika yanke mini gashi a nan."

Tsohuwa ta ci gaba da zare jijiya. "Kwarkwata ce ta kama ki."

"Kaka, wace irin kwarkwata ce take zama a ƙeya kaɗai? Kuma tun yaushe ake naɗe kwarkwata a farar takarda a ɗaure da jan zare?"

"Ke dai kin cika surutu."

"Me ake sa wa a ramin uwar jirgi?"

"Wannan maganar masassaƙa ce, ba ta yara ba."

"'Yan tsana biyu, da kwabbai goma sha biyu, da hatsi iri biyar. Kowa ya sani. Saura me, Kaka?"

Kaka Tome ta ajiye ganyen, ta share hannu a zaninta a hankali. "Gashin mace," ta ce. "Na uwarki ya kamata a sa, to tana kwance asibiti a lokacin, masassaƙi ya ce ba a sa na majinyaci. Ni kuma ya ce na tsufa." Ta harare ta. "Ban faɗa miki komai ba, kin ji ko?"

"Ban ji komai ba, Kaka."

Washegari da Genzo ya iso bakin ruwa, sai ya tarar da ita zaune a cikin jirgi, ta harɗe hannuwa, lauje a kan cinya. Masunta sun daina abin da suke yi.

"Sauka," in ji Genzo.

"Zan sauka, Baba. Amma ka ba ni kayana in tafi da su."

"Wane kaya?"

Ta ɗora tafin hannu a gindin itacen tsakiya. "Gashina. Shekara goma sha ɗaya yana fita teku kullum, ko sau ɗaya uwar jirgi ba ta yi fushi da shi ba. In mace ce ba ta so, ka kira masassaƙi ya buɗe, ya ba ni abina in tafi Sendai da shi. Ba zan bar rabina yana yi maka aiki, rabina yana haɗa rediyo ba."

Kowa a wurin ya san abin da ta ce. Ba a buɗe ramin nan sai ranar da za a farfasa jirgi. Wanda ya buɗe shi a tsakiyar girbi ya kashe jirginsa da hannunsa. Fuskar Genzo ta yi ja har wuya.

"Wa ya faɗa miki wannan?"

"Ƙeyata."

Sai Yasuji ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Kai, Genzo, ta kama ka! Ashe duk shekarun nan 'yarka ce take tsaronka, kana korarta kamar kyanwar maƙwabta! To ka zaɓa mana, rana tana yi, ko mu ma mu zauna mu yi kallo?"

Genzo yana riƙe da igiya a hannu. Ya dubi teku, ya dubi sauran jiragen da suka fara fita. Sannan ya taka ya shiga, ya ja injin da hannun hagu.

"Zauna a tsakiya. Kada ki taɓa komai sai na ce."

Ba su wuce bakin duwatsu ba ta yi amai, ashe ciwon na gida ne. Ta kurkure baki da ruwan teku ta ɗauki lauje. Ranar ta yanke yatsa sau biyu, ta saki ganye mai yawa ya bi ruwa, ubanta ya yi mata faɗan da aka jiyo daga jirgi na uku. Amma da shi yana ɗago igiya ita tana yanka, sun dawo da jirgi cike kafin rana ta take. Washegari ta sake yin amai. A rana ta shida cikinta ya haƙura.

Genzo bai taɓa ce mata ta iya ba, bai kuma ce ta fasa tafiya ba. Ita ma ba ta tambaye shi ba, kuma ba ta haɗa kayan Sendai ba. Jakar tafiyarta tana nan a zaure babu komai ciki, kowa yana kewaye ta. Saura kwana uku hutu ya ƙare, suna dawowa daga teku, sai ta ga ya yi wanka ya fito da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza da biki.

"Baba, wa ya rasu?"

"Sa kayan makarantarki. Wanda ya ɓata wa mutane shiri, da ƙafarsa yake zuwa."

Suka hau motar haya zuwa makaranta, da ƙunshin wakame mafi kyau na girbin. A ofishin malamai Genzo ya tsaya gaban Malam Oikawa ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur, da wannan kafaɗar tasa, ya ce, "Yarinyar nan ba za ta je ba. Ina da buƙatarta a jirgi. Laifin gidana ne." Tamaki ta sunkuya a gefensa. Malam Oikawa ya yi faɗa sosai, don baɗi da ƙyar masana'antar za ta sake karɓar ɗalibinsa. Da ya gama ya buɗe aljihun tebur ya zaro takardar shirin hutunta ya miƙa mata.

"Riƙe abarki. A ajin nan kaf ke kaɗai kika yi abin da kika rubuta."

Igiyoyin ba su koma hannun ƙungiya ba. Shekara tara uba da 'ya suna fita tare, har kafaɗar ta ajiye shi gaba ɗaya, aka rubuta sunanta a gurbin nasa bayan an yi taro uku ana jayayya. Ta auri wani mai gyaran inji wanda ba ya son ruwa ya wuce masa gwiwa, shi ne yake tafasa ganye a rumfa. Yanzu a lungun nan jirage shida ne mata suke fita da su, kuma yara ba su san an taɓa hanawa ba.

Bara na je taya ta zare jijiya, ina ta yi mata tambayoyi, tana amsa wasu tana watsar da wasu. Can ta ajiye ganye ta ce, "Na ga kina son ki mai da Baba mugu. Akwai abin da ba wanda ya gani daga bakin ruwa. Duk watan nan, da mun wuce duwatsu sai ya ɗaura mini igiya a ƙugu, kamar akuya. Na yi ta jin haushi, na ɗauka wulaƙanci ne. Sai daga baya na lura ɗaya bakin ba a jikin jirgi yake ɗaure shi ba, a nasa ƙugun ne. Kuma kakanki bai iya iyo ba, ko na taku ɗaya." Ta ɗauki wani ganyen ta ci gaba da aiki. "In za ki ba wa na baya labarin, ki faɗi taurin kaina yadda kike so. Amma ki sa igiyar nan a ciki, kada ki bar ta."