Jikin Inna Ya Yi Tsanani

Ni tela ne a Karaye, shagona yana kallon tasha, amma a ƙasar Rogo aka haife ni, wajen Fulatan. Tsakanin unguwarmu da 'yan gidajen Kiristocin yankinmu rafi ɗaya ne, wanda da rani ko akuya ba ta jiƙa ƙafa in za ta tsallaka. Hausawa ne kamar mu, kakanninsu Maguzawa, dawar da muke nomawa ita suke nomawa. A can abokina ya tashi. Benci ɗaya muka zauna a firamare, yana ce mini Liman, ina ce masa Fasto, tun muna yawo da gajeren wando. Nawa sunan bai bi ni ba, na ƙare a kan keken ɗinki. Shi kuwa nasa ya bi shi har ya kama shi.

Da ya gama makarantar bishara aka tura shi can gabas mai nisa, inda ake yaƙi. Na yi masa faɗa sosai. Na ce mutane suna gudowa daga can da tabarma a ka, shi kuma ya yi wanka ya shafa mai zai tafi. Ya yi dariya ya ce ai ba kowa ne ya samu ƙafar gudu ba, waɗanda suka rage su ma mutane ne. Na ce taurin kai ne kawai, ya ce a wurina ya koya. Ya tafi da matarsa da 'ya'yansa, bayan shekara biyu da abin ya ƙazanta ya maido su gida wurin mahaifiyarsa, ya koma shi kaɗai.

Garin da yake an ƙone ƙarafunan sabis. Kowace Talata sai ya hau keke zuwa wani gari mai sansanin sojoji, inda waya take kamawa. Ƙauyensu na nan ma sabis sai an hau tudu, don haka ni yake kira. Na zama gidan waya: ya faɗa mini, in na tashi daga shago in hau babur in kai saƙo, in karɓo nasu in ajiye masa sai wata Talatar.

A bakinsa na san rayuwarsa. Cocinsa tamfol ne da sanduna huɗu. Bencinan da suka tsira daga gobara mata sun faskare sun yi girki da su, ya ce bai hana ba, don a tsaye ma ana jin wa'azi amma ba a cin ɗanyen gero. Yana wanke ciwo, yana koya wa yara baƙi, yana haƙa kabari, wani lokaci na mutumin da bai ma san addininsa ba. Tsofaffin Musulmin wurin shi suke tambaya ko la'asar ta yi, don shi kaɗai ke da agogo. Ya ce in shirya, ya kusa ƙwace mini limancin. A bakinsa kuma na san dokar hanyarsu: ranar Asabar kaɗai motoci ke fita da rakiyar sojoji. Sauran ranaku sai 'yan kasuwar da suka sai da rai.

Mahaifiyarsa Inna muke ce mata, har ni. Na ci tuwonta ba adadi, kuma tun muna yara tukunyata daban take ware mini in an yi yankan da ba namu ba. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai tari da ba ya jin magani. Tana da wani silifas guda da ta ɗaure da waya har wayar ta fi robar yawa, ta hana kowa ya canza mata. Duk Talata in ya gama gaisuwa sai ya tambaya ko har yanzu tana jan wannan abin kunyar, in ce tana ja.

Wata Lahadi cikin bazara ta dawo daga coci ta ce ƙirjinta, kafin la'asar ta cika. Zafi ya yi yawa, ba a jira kowa ba, da safiyar Litinin aka binne ta. Na tsaya daga baya suna waƙoƙinsu, na yi kukana. Da aka watse sai baffansa, ƙanin mahaifinsa, ya ja ni gindin ɗorawa. Ya ce gobe yaron zai kira, kada in fasa masa magana a ka, yana can shi kaɗai ba mai riƙe shi. In ce masa jikin ya yi tsanani, ya taho.

Ban ga laifin wannan ba. Haka muke yi, mu da su duka. Ba a gaya wa na nesa rasuwa kai tsaye, sai a ce jiki ya yi tsanani, ya zo da ƙafarsa, in ya ga tabarmi a ƙofar gida ya gane. Ni ma haka aka yi mini da mahaifina ya rasu ina Kano koyon ɗinki, kuma na gode wa wanda ya yi mini.

Ranar Talata da hantsi waya ta yi ƙara ina tsakiyar yanka wani yadi. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Na ce masa jikin Inna ya yi tsanani, an ce ya taho.

"Liman," ya ce, "kada ka yi mini irin ta mutanenmu. Ni da kai ne. Tana da rai?"

Almakashi yana hannuna. Na tuna fuskar baffansa, na tuna shi can a tsaye a bakin sansanin sojoji da kekensa, ba wanda zai ce masa ya yi haƙuri.

"Da ranta," na ce. "Amma kada ka yi sanya."

Wannan ta ƙarshen ba wanda ya sa ni. Baffa bai faɗe ta ba. Ni na ƙara ta don ƙaryar ta zauna daidai, kamar yadda nake ƙara ɗinki a hammatar riga.

Ya ce to, ba zai jira Asabar ba, akwai motar masu wake da za ta fita gobe da safe. Na ji shi sarai. Na san me Asabar take nufi, shi ya koya mini. Kalma biyu ce ta rage in faɗa, in ce an binne, ya zauna ya yi kukansa ya jira sojoji. Kunya ta hana ni warware abin da na faɗa yanzu-yanzu. Na ce masa Allah ya tsare hanya.

Tafiyar kwana biyu ce, in ta yi tsawo uku. Na juya keken ɗinkina ya kalli tasha. Kowace bas ta Kano ta tsaya sai na miƙe. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Talata ta zagayo na ajiye waya a kan teburin yanka, ba ta yi ƙara ba. Daga baya mutanen cocinsu suka kawo labari: an ga motar wake a gefen hanya, tayoyi a fashe, kaya a warwatse, ba direba ba fasinja. Ba gawa, don haka ba makoki. Matarsa ta zauna a tsakani, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Su suna addu'a a cocinsu, ni ina yi a sujadata.

Ban gaya wa kowa yadda wayar ta kasance ba. Baffa ya san na ce jiki ya yi tsanani, iyakarsa ke nan. Na samu abin da nake lallashin kaina da shi: ai Bahaushe ne, ya san maganar mutanensa, ya gane ta rasu, ya dai ga dama ne ya taho. Da wannan na ci abinci tsawon damina guda.

Bayan an yanke dawa matarsa ta aiko a kira ni. An kawo jakarsa. Sojoji ne suka tsince ta a cikin ciyawa, suka ga sunan ƙauyen a bangon Littafinsa Mai Tsarki, ta bi hannu-hannu har ta iso. Ta ce ta kasa buɗewa, ni ne amininsa. Muka zauna a tsakar gida da rana tsaka, ni da ita da baffa, daidai ƙofar ɗakin Inna. Na zuge zif. Riguna biyu, ɗaya ni na ɗinka. Littafin, ruwa ya kumbura shi. Kwalbar zuma a naɗe cikin tsumma, irin wadda ake ba mai tari. A ƙasa kuma, cikin leda, sabon silifas ɗan ƙarami, ko igiyar da ta haɗa ƙafa biyun ba a tsinke ba.

Matarsa ta ɗauka ta juya shi. Ta ce, "Ashe bai sani ba."

Nan na faɗa musu duka, har tambayar da ya yi mini, har abin da na ƙara. Na so ta zage ni. Wallahi da ta zage ni da na samu sauƙi. Baffa ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta daɗe tana kallon takalmin, sannan ta ce, "Malam, da ni ya tambaya, haka zan ce masa."

Tun daga ranar ba a aikena da irin wannan saƙo. Sau biyu aka gwada, na kira mutum na ce masa wane ya rasu, an binne, kada ya yi gaggawa. Yanzu a Karaye ana cewa telan bakin tasha ba shi da ta-ido, ban damu ba. Amma har yau ban canza lambata ba, kuma ranar Talata ba na kunna injin ɗinki da hantsi, don ƙararsa tana danne ta waya.

Ina zuwa gidan in kai wa yaransa ɗinkin Kirsimeti. Matarsa ta rataye silifas ɗin a ƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ta ce shi ya sayo, shi zai sauke. Ƙofar gajeriya ce, duk wanda zai wuce sai ya sunkuya a ƙarƙashinsa. Har yanzu igiyar tana nan ba a tsinke ba.