Awarar Ladi da babbar fitila

Matan unguwa, a barcin jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Kun san 'yata Nafisa, mai karatun yadda labarin ƙarya ke yaɗuwa. Kullum tana gaban kwamfuta tana haɗa ɗigo da ɗigo da layi, ni kuwa ina mata tsiya wai jami'a ta je koyon saƙar tabarma. To, sai na gan ni tare da ita a cikin zanen nan nata. Garinmu ne kaf a shimfiɗe, babu katanga ko ɗaya. Kowane gida fitila ne, zare ya haɗa shi da gidajen da ke jin maganarsa. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro haka ba.

Sai kawai wata 'yar fitila can bakin kasuwa ta koma ja. Daga cikinta na ji saƙon muryar nan da ya ce Ladi da ruwan batir take haɗa awararta. Jan ya bi zare biyu, ya tsaya, ya fara dusashewa. Saura kaɗan ya mutu, sai ya taɓa wata babbar fitila mai zare ta ko'ina. Kafin in ƙifta ido rabin gari ya yi ja, har ƙauyukan da nake zuwa karɓar haihuwa.

Na ce, "Nafisa, gidan wace maƙaryaciya ne wannan?"

Sai kawai na gan ni a tsakar gidan, ga turmina, ga igiyar shanyata. Na ɗaga murya na ce ai sai da na rubuta "yadda aka turo min" kafin in tura. Wata murya ta ce, ba faɗa ba tsawa, "Ba wannan suka karanta ba, ungozoma. Sunanki suka karanta."

Na kunna farar wuta mai ƙaryata saƙon, don ta bi sawun jan ta gyara. Ita kuwa sai ta riƙa tsayawa ƙofar kowane gida tana sallama, ana barinta a tsaye.

Kiran assalatu ya tashe ni. Katanga ɗaya ce tsakanina da Ladi, kullum da sassafe ina jin ta ɗora kasko, marayunta na rigimar wanka. Yau na kasa kunne har rana ta take, ban ji an hura wuta ba. Wallahi kunya ta hana ni leƙawa.

Don Allah, masu sanin fassara, farar wutar nan da aka ƙi amsa wa sallama, me take nufi? Na makara ke nan, ko ni ake jira in tako da ƙafata gida gida?