Ranar da Na Yi wa Ajuji Yaji

Wata Laraba ce lokacin girbi, shekarar da ake aikin hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, na yi wa sunana yaji. Muna carafke a ƙofar gidanmu a Kuceri, na cinye Lami 'yar maƙwabtanmu sau uku, sai ta watsar da duwatsun ta ce, "To sai me? Wadda aka tsinto a juji!" Yara suka kwashe da dariya. Na shiga gida ina huci, na rantse ba zan ƙara amsa Ajuji ba, sai Rakiya, sunan da liman ya raɗa mini.

Kwana biyu ina kan bakana. A kira ni surfe, shiru. A kira ni korar tsuntsaye a gonar dawa, shiru. Abin haushi, har kiran tuwo ya wuce ni, ƙanena ya suɗe akushin tas. Uwata Inna kuwa ko kallo ban ishe ta ba, na ce a raina ai dama ita ta yar da ni.

A rana ta uku kakata Iya, mai jan sunan nan kamar tana kiran akuya daga daji, "Ajuuuji!", ta kama kunnena ta kai ni bayan danga, gaban jujin da kabewa ta lulluɓe. Ta ce kafin ni Inna ta haifi uku, duk suka koma ba a ko yaye su ba. Da na zo, tsofaffi suka ce a nuna ba a so na, ko mutuwa ta raina ni ta wuce. Aka kwantar da ni nan kan toka, ita Iya ta zo ta tsince ni. "Uwar taki da ta ce ba ta so," in ji Iya tana dariya, "tana laɓe bayan rumbu da muciya. Da ɗanyen jego ta kusa karya zakaran ubanki don ya matso kusa da ke!"

Da yamma Inna ta kira ni daga madafa, "Ajuji!", ko kai ba ta ɗago ba. Na amsa da ƙarfin da sai da tantabarun gidan suka tashi.

Yau jikokina duk daga littafi aka zaɓo musu sunaye, masu daɗi kuwa, ni kuma na zama Hajiya a bakin kowa. Masu kirana Ajuji duk sun riga ni gidan gaskiya, har Lami. Da wani zai tsaya a ƙofa ya ja sunan nan yadda Iya ke jan sa, wallahi ko sandata ba zan tsaya nema ba.