Inda Iska Take a Gidan Inna

Abin da na fara lura da shi da muka isa gidan Inna shi ne zanen da ta shanya kusa da kukar ƙofar gida. Ko motsi ba ya yi. Abin da muka ɗauko tun daga Dutse kuwa iska kaɗai ke sa shi aiki.

Inna mahaifiyar Baba ce, tana zaune a wani ƙauye bayan Kiyawa tare da awakinta. Tun da ƙanƙara ta fasa solar da aka sa mata, ɗakinta ba fitila, wayarta kuma kullum a mace. Da ta yi tuntuɓe ta gurɗe ƙafa, sai bayan ta fara warkewa muka ji. Baba ya ce zai dawo da ita Dutse, ita kuma ta ce ba inda za ta. Shi ne yayana ya roƙi a bar shi ya gwada injin ba da wutar lantarki da ya haɗa. Baba ya ce to, amma in bai yi ba, da Inna za mu dawo.

Mun kama hanya bayan sallar asuba a akori-kurar wani abokin Baba. Bututan ƙarfen da za a yi hasumiya da su suna baya, tare da batirin mota da injin da Yaya ya ciro daga tsohuwar na'urar wanki. Fikafikan nan uku, waɗanda ya yanka daga bututun roba na ruwa, a cinyata suke, naɗe da tsohon bargo. Duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga su sama kamar jariri.

A Kiyawa muka tsaya shan koko. Ƙosan ya ƙanƙance sosai, har Baba ya tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zubawa. Wani ɗan acaɓa ya leƙa bayan motar ya ce jirgin sama za mu haɗa? Kowa ya yi dariya ban da ni da Yaya. Daga nan muka sauka titi muka shiga yashi. An gama yankan gero, dawa ce kawai a tsaye, kuma na ga kawunanta suna rangaji. Hakan ya ɗan kwantar mini da hankali, har zuwa lokacin da na ga zanen nan.

Tun kafin mu zo Yaya ya aika wa Inna saƙo cewa a zuba gindin siminti a inda iska ta fi yawa. Baffa, ƙanen Baba, ya kai mu ya nuna mana aikinsa. Simintin ya bushe da kyau, a gindin kuka, tsakanin bangon zaure da rumbuna.

Yaya ya daɗe yana kallonsa. "Baffa, a nan aka zuba?"

"Inna ce ta nuna wurin."

Ta fito tana ɗingishi da sandarta. "Maigidana, ba kai ka ce inda iska take ba? Duk garin nan wa bai san inda take ba? Ko yara ba sa bi ta nan da tsakar rana."

"Inna, iskar da ke kaɗawa nake nufi, ba masu zama a kuka ba."

"To da sai ka faɗa. Ni na ɗauka abin naka kama su yake yi ya sa su aiki. Har na ce gara, sun daɗe suna zaman banza."

Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba bai yi ba. Duk da haka aka tayar da hasumiyar, maƙwabta suna jan igiya. Fikafikan suka tsaya cik a sama. Yaya ya ce ko a rage rassan kukar, Inna ta ce sai dai a fara sare ta. Na ji Baba yana gaya wa Baffa a hankali cewa a fara haɗa mata kaya. Inna ma ta ji. Ta shiga wajen awakinta tana zuba musu harawar da ba su cinye ta farko ba.

An kawo mana tuwon gero da miyar kuka, na kasa ci. Na zagaya bayan gida wanke hannu, sai na ga wani fili a kan tudu, ƙasarsa a daddaɓe, ƙaiƙayi kwance duk a gefe guda kamar an share shi da tsintsiya. Gyalena ya fara tashi. Na koma na tsuguna kusa da Inna na tambaye ta wurin mene ne.

"Nan muke shiƙa. Tun ina amarya."

Maza sun cika zaure, ni kuwa ban taɓa magana a gaban taro ba. Na yi ta tsayuwa a bakin ƙofa har Yaya ya hango ni ya fito. Na raɗa masa. Ya bi ni ya tsaya a kan tudun, rigarsa ta cika da iska.

Bayan azahar aka sauke hasumiyar aka kai ta can. Babu siminti, sai aka haƙa rami mai zurfi aka danne da duwatsu, aka ɗaure ta da wayoyi a jikin turaku. Da aka sake ta, wutsiyar kwanon da ke bayan injin ta juya, fikafikan suka yi kamar suna shawara, sannan suka kama gudu. Ƙwan lantarkin ɗakin Inna ya kawo haske ja-ja. Can iskar ta lafa, komai ya sake tsayawa. Yaya ya ce batirin zai riƙe. Baba ya ce bai sani ba tukuna. Zai bar Inna, amma duk ranar da ya kira ya ji wayar a kashe, zai zo da mota.

Mun iso Dutse da magariba. Abin da na taho da shi daga wannan tafiya shi ne, in za a aika wa Inna saƙo, a faɗi wace iska ake nufi, kuma kafin a haƙa rami a tambayi masu shiƙa.

Kwanakin da suka biyo baya duk ganyen da na gani a hanyar makaranta sai na duba ko yana motsi. Ran Juma'a da yamma Baba ya kira, ina tsaye a bayan labule. Wayar ta shiga. Da ya gama ya miƙo mini, Inna tana ta ba ni labarin akuyarta da ta haifi biyu.

Na ce, "Inna, don Allah ki ɗan yi shiru. Ki fita bayan gida ki ɗaga wayar sama, in ji yana juyawa."