Kai Kaɗai Na Faɗa Wa

Tun hantsi mai yankan tikiti take kallon mutumin ta tagarta. Yana zaune a bencin tasha, kwalin littattafai tsakanin ƙafafunsa, ga farin alli a hannun rigarsa. Malamin makaranta ne, in ji zuciyarta, kuma yau aka sallame shi.

An kira azahar, fasinjoji sun miƙe, shi ko bai motsa ba, alhali ga tabon sujada baƙi ƙirin a goshinsa. Wayarsa tana ta ruri, sai a kira na huɗu ya ɗauka.

"Yaya, ban zagi addinin kowa ba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Cewa na yi imanina yana zillewa, ka taimake ni. Kai kaɗai na faɗa wa. Ya aka yi shugaban makaranta ya ji muryata?"

Yana saurare, yana murza igiyar kwalin.

"Har Inna ka kunna wa?"

Ya kife wayar a cinya. Mai tikitin ta tabbata ba rashin aikin ke cinsa ba. Gida zai koma, kuma bai san da wane ido zai gaida mahaifiyarsa ba.